Kada ki sayar da filin, ƙanwata

Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune a Garin Malam, nan Damagaram. Ɗana na fari shekararsa 4 da wata 3, har yau ba ya magana, sai ƴan kalmomi biyu ko uku da yake ta maimaitawa. In an kira shi ba ya waiwayowa. Yini yake yana juya murfin tukunya a ƙasa, in aka karɓe sai ya fasa ihu yana buga kansa da bango. In maƙwabta suka tayar da injin niƙa kuwa, kamar ana yanka shi. Na sa shi jardan, bayan sati biyu suka ce in ɗauke shi. Likitan yara ya ce otism ne. Uwar mijina ta ce shafar aljanu ce, an yi hayaƙi an yi rubutu har na gaji. Yanzu na ga wata cibiya a Facebook, a wata ƙasa maƙwabciya, suna koya wa irin waɗannan yara iyo da hawan doki da kiɗa, sun ce cikin wata 3 yaro zai yi magana. Kuɗin ya kai miliyan 1 da rabi na sefa, ban da na mota da masauki. Ina da filin da na gada wurin mahaifina, ina so in sayar. Maigidana ya ce in yi abin da na gani. Yaya, in sayar?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya dafa miki, ya raya miki yaron nan.

Kai tsaye kika tambaya, kai tsaye zan amsa: kada ki sayar da filin. Ba don fili ya fi ɗa daraja ba. Da akwai inda za a kai miliyan 1 da rabi a dawo da yaro yana zuba zance, da ni zan raka ki wurin dillali. Abin da ya tsayar da ni shi ne alkawarin nan na wata 3. Duk wanda ya san wannan lalura da gaske ba ya yanka wa uwa ranar da ɗanta zai buɗe baki, balle yaron da bai taɓa sa wa ido ba. Wanda ya yanka miki rana ta waya, ƙishirwarki ya gani. Kuma ki tuna yaron nan ba zai tsaya a shekara 4 ba. Zai kai 20, zai kai 40 in Allah ya yi masa tsawon rai, kuma wataƙila ya fi ƙannensa bukatar abin dogaro. Filin nan nasa ne, ki ajiye masa.

Likita ya ce otism. A rediyo za ki ji ana cewa galahanga, ko da yake kalmar nan ana jibga mata lalurori iri-iri da ba su haɗa hanya ba. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta dalla-dalla a 1943, bayan ya bibiyi yara 11. Na farkonsu, Donald Triplett, kwanoni da duk wani abu mai zagaye yake juyawa a ƙasa, kamar dai naki. Ya girma a garinsu cikin mutanen da suka san shi suka karɓe shi yadda yake, ya yi aiki a banki shekaru masu yawa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ba ina ce miki kowane yaro haka zai zama ba, don lalurar hawa-hawa ce, wani ta yi masa sauƙi wani ta yi masa nauyi. Ina so ne ki san murfin tukunyar nan ba a tsakar gidanki aka fara juya shi ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 ke da ita, kuma an fi gano ta ga maza. Ki auna yawan yaran Birni da Zango da Sabon Gari da Kara-Kara, za ki gane akwai iyaye mata da dama da ke rufe ƙofa da irin damuwarki, kowace tana zaton ita kaɗai ce.

Ƙwaƙwalwar yaron ce ta ginu da salon da ya bambanta tun yana ciki, kuma gado na da babban rabo a ciki. Ba nononki ba ne, ba yaye ba ne, ba don kin zubar da ruwan zafi da magariba ba ne. Ba kuma allurar rigakafi ba ce. Likitan Ingila da ya yaɗa wannan zance a 1998 an janye rubutunsa a 2010, an kuma ƙwace masa izinin aiki. In kina da goyo, ki ci gaba da kai shi allura, ƙyanda ba ta da wasa.

Na san abin da ke hana ki barci shi ne: zai yi magana kuwa? A 2013 an wallafa wani bincike a Amurka kan yara 535 masu otism waɗanda har suka kai shekara 4 ba sa iya haɗa kalmomi. Da suka kai shekara 8, kashi 70 cikin 100 sun iya haɗa gajerun jimloli, kusan rabin yaran gaba ɗaya kuwa suna magana sosai. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, amma dubi tsawon hanyar: shekara huɗu, ba wata uku ba. Akwai kuma waɗanda bakinsu ba ya buɗewa sosai har su girma. Su ma suna iya koyon faɗin abin da suke so ta hoto ko nuni, kuma yaron da ya iya faɗin bukatarsa ihunsa raguwa yake.

Iyo da doki da kiɗa da kika gani ba ƙarya ba ne a karan kansu. An gwada hawan doki na sati 10 a Kolorado ta Amurka, aka ba da sakamako a 2015, an ga yara sun rage saurin fusata da rashin zama wuri ɗaya. Kiɗa kuwa an yi masa babban gwaji da yara 364 a ƙasashe 9, sakamakon ya fito a 2017, ba a ga ya rage nauyin lalurar fiye da kulawar da aka saba ba, duk da cewa yara da yawa na jin daɗinsa. Iyo motsa jiki ne mai kyau kuma yana tsare rai. Kowannensu na da amfaninsa, amma babu wanda ke warkarwa, babu kuma wanda ya cancanci gadon mahaifinki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin duk gwaje-gwajen da aka yi shi ne wanda aka yi a Ingila da yara 152 ƴan shekara 2 zuwa 4. Ba yaran aka zaunar ana koya wa ba, iyayensu aka koya wa. Ana ɗaukar bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, sai ta zauna da ƙwararriya su kalla tare, ta ga wuraren da yaron ya yi mata magana da ido ko da hannu ko da ɗan sauti ita kuma ta wuce ba ta lura ba. Sai ta koma gida ta riƙa yin wasan kamar rabin awa kullum. Da aka sake duba yaran bayan kusan shekara 6, a rahoton 2016, an tarar sauƙin da suka samu ya ɗore. Daga baya an kai tsarin Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na gama-gari suka koya wa iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta tashi tsara shiri don ƙasashe irin namu masu ƙarancin ƙwararru, iyaye ta nufa: zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, don masu yara ƴan shekara 2 zuwa 9, an kuma gwada shi a Habasha da Kenya. Duk inda aka juya, wurin uwa da uba da kaka ake dawowa, don su ke tare da yaro daga asuba har dare.

To, ga yadda za ki fara, da abin da kike gani a matsayin matsala: murfin tukunyar.

Ki daina karɓe shi. Ki nemo murfi na biyu. Ki zaɓi lokacin da ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, misali da hantsi bayan an watse daga tsakar gida. Ki shimfiɗa tabarma a ɗaki, ki kashe rediyo, ki ajiye waya. Ki zauna gabansa ƙasa-ƙasa yadda fuskarki za ta zo daidai da tasa. Kada ki kira shi, kada ki ce ya yi komai. Yana juya nasa, ke ma ki juya naki. In ya faɗi, ki ce "ya faɗi!" da fara'a. In kin sake murzawa ki ce "juya!" Shi ke nan. Kwana uku, huɗu, sati guda, zai yiwu ya yi kamar ba ki nan. Kada ki karaya, yana ganinki ta gefen ido. Wata rana za ki ga nasa ya faɗi, ya ɗan tsaya yana kallon naki. Daga ranar sai ki ƙara abu ɗaya: ki riƙe murfinki kamar za ki murza, ki dakata, ki ƙirga goma a zuci. Duk abin da ya yi a cikin wannan jiran, ko ɗaga ido ne, ko tura hannunki, ko wani ɗan "uh", ki ɗauke shi a matsayin ya ce miki "juya", ki murza nan take ki faɗi kalmar. A nan ne yake gane cewa in ya yi wani abu, mutum na amsa masa. Wannan ganewar ita ce tushen magana, kafin harshe ya motsa.

In wannan ya zauna, sai ku koma murfi ɗaya, bi da bi: "naka", "nawa". Daga nan ki gara masa shi ya garo miki. Daga murfi a koma faifai, daga faifai a koma garen taya a tsakar gida, inda wani yaro ɗaya mai haƙuri zai iya shigowa. Minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini, ya fi awa biyu a jere ranar da kika samu sarari.

Abu biyu nake roƙon ki bari. Kada ki kama haɓarsa ki ce sai ya dube ki, don haɗa ido na yi wa da yawansu nauyi ƙwarai, kuma yana iya sauraronki ba tare da ya kalle ki ba. Kada kuma a taru a kansa ana "ka ce Inna, ka ce Baba". Ki rage maganarki ta zo kusa da tasa: shi mai kalma ɗaya ne, ke ki riƙa ɗaya ko biyu, "ruwa", "sha ruwa". Da Hausa za ki yi masa, harshen da gida ke ji. Faransanci zai tarar da shi a lakwal, kuma jin harshe biyu ba ya ƙara musu nauyin baki.

Yanzu ga wani abu da ba za ki samu a tsarin kowace cibiya ta waje ba, don ba su san shi ba. Kin ce ɗan fari ne. Na lura ko a wasiƙarki ba ki kama sunansa ba. Mu nan an tashe mu da kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ki ji ni da kyau, alkunya ba ita ta jawo masa lalurar ba, dubban ƴaƴan fari sun tashi cikinta lafiya lau. Amma yaron nan yana bukatar fuskarki da dariyarki da muryarki tana kiran sunansa fiye da kowane yaro. In kin shiga ɗaki kin saki labule, ki ajiye kunyar a bakin ƙofa. Ba wanda zai tuhume ki gobe ƙiyama don kin yi wa ɗanki wasa.

Al'adar da ta ɗaure ki kuma ita ta sakar wa kakarsa mara. Kaka ce ke da izinin tsokanar jika, ta kira shi angonta, ta yi masa waƙa, ta yi masa cakulkuli gaban kowa. Uwar mijinki da kike gani kamar ita ce cikas, tana iya zama babbar mai taimakonki. Matar nan ba ƙin yaron take ba. Tsoro take ji, kuma abin da ta sani shi take yi. In kika ce mata "ba aljanu ba ne", kin buɗe gardamar da ba za ki ci ba. Ki same ta ita kaɗai, ki durƙusa ki ce: "Inna, addu'a ba za mu daina ba. Amma likita ya ce akwai wani aiki da yaron nan ke bukata kullum, ni kuwa kin san ɗan fari ne, ina jin nauyi. Ke ce za ki iya." Ki nuna mata wasan jiran nan da waƙa: ta fara waƙar da ya saba ji tana tafi, ta tsaya dab da ƙarshe, ta jira shi ya nemi a ƙarasa. Tsofaffinmu sun iya wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Ranar da ya fara tura hannunta don ta ci gaba, da bakinta za ta ba unguwa labari.

Tofi da addu'a, ki riƙe su. Iyaye da yawa na karanta wa ƴaƴansu addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha ta neman warwarewar harshe, ke ma ki lazimce ta. Abin da za a tsayar shi ne duk abin da ke cutar da jiki ko firgita shi: turnuƙe shi da hayaƙi cikin bargo, ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ɗaure shi, dukansa da sunan korar iska. Yaron da ƙarar inji ke gigita shi, ki auna yadda zai ji an danne shi cikin hayaƙi ana ihu a kunnensa. Wannan maganar daga bakin maigidanki ya kamata ta fito, don uwa ta fi jin ta ɗanta.

Shi ma kada ki ɗauki "yi abin da kika gani" a matsayin ko-in-kula. Sau da yawa namiji in ya rasa abin yi sai ya ja baya ya yi shiru. Ki ba shi aiki ɗaya takamaimai wanda zai iya riƙewa: bayan la'asar ya kama hannun yaron su zaga hanya ɗaya, ita ce dai kullum, yana faɗa masa sunan abin da suka wuce, jaki, mota, masallaci, su dawo.

Akwai ɗan ƙanena a Mirya da ya sa na san wannan hanya da ƙafata. Mun ɓata kusan shekara biyu muna yawo da shi daga wannan mai magani zuwa wancan, har tumakin uwarsa suka ƙare, kuma har yau ina jin ciwon waɗannan shekarun. Abin da ya fara buɗe shi akuya ce guda da ta rage a gidan. Kullum da safe kakansa kan ba shi ƙwaryar dusa ya kai mata. Ina nan zaune wata safiya tsohon ya riƙe ƙwaryar bai miƙa ba, yana duban yaron yana jira. Yaron ya ja rigarsa, ya ja, ya buga ƙafa, tsohon bai motsa ba. Can sai muka ji, ƙasa-ƙasa, "dusa". Shekararsa 6 a lokacin. Uwarsa tana bakin murhu, ludayi ya suɓuce mata. Yau saurayi ne, maganarsa ba ta da yawa, baƙo ba ya gane shi da sauri, amma dabbobin gidan gaba ɗaya a hannunsa suke, kuma kafin kowa ya lura tunkiya ba ta da lafiya shi ya riga ya gani.

Abin da tsohon nan ya yi shi nake so ki koya. Mu iyaye mata tausayi kan sa mu biya wa yaro bukata tun kafin ya nema, sai ya zama ba shi da dalilin nema. Ki ɗora kofin kununsa inda zai gani amma hannunsa ba zai kai ba, ki tsaya kusa ki jira ɗan lokaci. Ya nuna, ya ja ki, ya yi sauti, duk karɓaɓɓe ne, ki ba shi ki ce "kunu". Kada ki ja jiran har ya kai ga kuka. Ki ɗauki hoton kofinsa, butarsa, takalminsa, ƙosai, murfin, ki kai a wanke miki su a sa musu leda. Ki koya masa ya miƙo hoto a ba shi abin, da farko wani na bayansa yana taimaka wa hannunsa. Tun 1985 ake amfani da wannan dabara ta musayar hoto, daga jihar Delawaya ta Amurka ta faro, kuma ba ta hana magana fitowa. In hoto bai shige shi ba tukuna, kayan da kansu sun isa: soso na nufin wanka, takalmi na nufin fita, buta na nufin ban-ɗaki. Ki nuna masa kafin a yi, kada abu ya faɗo masa ba zato.

Yaran nan suna samun natsuwa in yini na tafiya bisa tsari ɗaya, mu kuwa Allah ya ba mu agogon da ba ya kuskure. Ki ɗaura komai a kan kiran salla: bayan asuba kunu, bayan azahar kwanciya, bayan la'asar fita da babansa, bayan isha'i tabarma. Jikinsa kuma yana son aiki mai ɗan nauyi. Ƙaramar jarka da ruwa rabi ya kai randa in mai garuwa ya zo, ƙaramar taɓarya kusa da ke in kina daka, tura kwandon wanki, tono a yashi mai tsabta, lilo da igiya da buhu a reshen bedi in yana so. Ki lura da wanda ke kwantar masa da hankali ki yawaita shi, wanda ya ƙi ki bar shi. Karkaɗa hannu da jujjuyawa da yake yi kuwa, muddin ba ya jin ciwo, ki ƙyale shi, da su yake lallashin kansa. Waya ce kawai zan ce ki taƙaita, kada ta wuce awa guda a yini.

Buga kai da bango ba taurin kai ba ne. Ki sami ƙaramin kaye ki riƙa rubuta abin da ya faru dab kafin ya fara: ƙara ce, yunwa ce, an karɓe masa abu ne, baƙi ne suka cika gida? Cikin sati biyu za ki ga zaren. Ki duba kuma ko ciwo ne da ba ya iya faɗa, haƙori, kunne, ko ɗaurewar ciki, wadda ta yawaita ga irinsu. In ya fara, ki sa matashi tsakaninsa da bango, ki rage magana, ki kori ƴan kallo. Injin niƙa kuwa, ki je ki gaida mai shi ki tambayi lokutan da yake tayarwa, ki riga shi shigar da yaron ɗakin da ya fi nisa, ki rufe masa kunne da hula mai kauri ko abin toshe kunne. Hawan salla da bindigogi da algaita a ƙofar fada, ki ɗaga masa su tukuna.

Akwai wanda ba na so ki yi wa jinkiri ko na kwana ɗaya. Wani bincike na 2012 a Amurka ya nuna kusan rabin yara masu otism kan sulale su bar gida, kuma ruwa na cikin manyan abubuwan da ke halaka waɗanda suka fita, don yana jan su kuma ba su san haɗarinsa ba. Kin san yadda tabkuna da ramukan ɗiban ƙasa ke cika a garin nan da damina. Ki sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kai, ki rufe rijiya da manyan randuna. Ki ɗinka lambar wayar babansa a cikin rigunansa. Sannan ki cire kunya ki gaya wa mai shagon kusa da ku, da masu kabu-kabun bakin layi, da maƙwabta: yaron nan in kun gan shi shi kaɗai, ku riƙe shi, ba ya amsa kira. In ya ɓace, wurin ruwa za a fara dubawa.

Ki koma wurin likitan yara a Babban Asibitin Zinder da karnensa na asibiti da kayen nan naki. Ki roƙa a tura ku gwajin ji na sosai, ko da kina ganin yana jin inji, don yaro na iya jin ƙara mai ƙarfi amma wasu sautukan magana su wuce shi, kuma a yankinmu sanƙarau ya taɓa kunnen yara da yawa. Ki faɗa masa in yaron na yin zuru na ƴan daƙiƙu kamar an ɗauke shi, ko jikinsa na fizga, don farfaɗiya ta fi yawa ga masu otism kuma ita tana da magani. Ki tambaye shi ko zai haɗa ki da mai koyar da magana, wanda suke kira ortofonis, ko da zuwa ɗaya ne a wata, ki kalli yadda yake yi ki dawo gida da shi. Otism kanta ba ta da ƙwaya ko allura. Akwai magungunan da likita kan rubuta in fusata ko cutar da kai ta tsananta, amma da sa idonsa, ba na kasuwa ba.

In wata rana kika samu cibiya kusa wadda kuɗinta bai fi ƙarfinku ba, ban hana ki ba. Ki tambaye su ko za su bar ki ki zauna ki ga abin da ake yi, ko za su koya miki ki ci gaba a gida, wane abu ɗaya za su fara sa wa gaba, da yadda suke yi in yaro ya ƙi. Wanda ya ce iyaye su tsaya waje, ko ya ambaci warkewa, ko ya haɗa miki da wani garin magani na sayarwa, ki ɗauki ɗanki ki fito.

Lakwal kuma kada ki yanke ƙauna don wuri ɗaya sun mayar da shi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, karatu haƙƙinsa ne. Nan da ƴan watanni, in ya fara miƙo hoto kuma ya iya zaman minti goma, ki nemi wani jardan mai ƴan yara kaɗan, ki yi wa madam bayani tun farko, ki roƙi awa ɗaya kacal a yini tare da wata babbar yarinya daga gida da za ta zauna kusa da shi. Ɗan abin da za ki riƙa ba yarinyar, da kuɗin hotuna, da na gwajin ji, da akuya in da hali, su ne kashe kuɗin da nake goyon baya, kuma duka ba su kai a taɓa fili ba.

Ke ma ki samu wadda za ta karɓe ki ko na awa biyu a sati, ki fita ki sha iska. In kin ji labarin wata uwa mai irin ɗanki a unguwa, ki je ki gaishe ta.

Gobe da hantsi ki ɗauko murfi na biyu. A shafin farko na kayen ki rubuta kwanan wata da kalmomin nan biyu ko uku da yake maimaitawa, da lokacin da yake faɗinsu, don wani lokaci suna da ma'anar da ba a kama ba. Bayan kwana 40 ki sake rubuto mini, ki gaya mini abin da ya yi ranar farko da kika riƙe murfin kika jira, da abin da Inna ta ce.